Kwaɗon da Na Fasa da Rana Tsaka

Kun girma kuna jin ana cewa ubanku ya fasa akwatin mamaci tun ƙasar kabarinsa ba ta kwanta ba. Gaskiya ne, na fasa. Ban taɓa musu ba, ban kuma taɓa zaunar da ku na ba ku labarin ba, don ni ba mai yawan magana ba ne. Yanzu idona ya rage, hannuna ya fara rawa a kan magagari, na ga in ban faɗa ba wasu za su faɗa muku yadda suka ga dama. Ban shiga lakkol ba, wato makarantar boko. Ni ke faɗa, ƴar'uwarku Hadiza ke rubutawa, na kuma ce mata kada ta ƙara mini gishiri.

Sai kun san Yaya Mariyama kafin ku san akwatin. Ku kun san ta tsohuwa mai zama bakin ƙofa, wadda in kun gaishe ta takan amsa, in ni na gaishe ta sai ta dubi bango. Ni na san ta tana budurwa, a babban farin da ya ƙarar da dabbobin Abzin ina ƙarami. Ubanmu maƙeri ne, ya riga ya rasu. Uwarmu ta mutu a hanya muna saukowa daga duwatsu. Yaya ce ta goyo ni har Agadas, ƙafarta duk faso. Ta yi daka a gidajen mutane, ta yi wanki, abin da aka ba ta ni ke fara ci. Ita ta kai ni maƙera ta ce wa mai maƙerar ga ɗan wane, ba ya magana amma yana da hannun ubansa. Da ta auri Attahir, kwaɗon farko da na ƙera ni kaɗai, na ƙarfe da tagulla irin namu na Abzin, su na kai wa. Attahir ya maƙala shi a akwatin ƙarfen da yake ajiye takardunsa a zaure. Shekara talatin da wani abu yana nan bai taɓa cijewa ba.

Attahir ɗan tsohon gari ne, danginsa ba su so ya auri ɗiyar maƙera ba, ya aura. Ya yi lakkol, ya yi aikin buro, wato ofis, a Cirozerin wajen masu haƙar gawayi, ya bari ya koma yawo da annasara masu zuwa kallon hamada. Bakinsa ba ya hutawa. Bebe yake ce mini, ni kuma in ce masa Rediyo. Da muka haɗa ƙungiyar maƙeran azurfa na unguwarmu, shi muka ba rubutu, don shi kaɗai ya iya. Wata rana ya shigo maƙera yana washe baki.

"Bebe, na buɗe mana kanti."

"Ina?"

"Ba ya da bango, ba ya da rufi, mai shara ma ba ya so."

"To rana ce ta taɓa ka. Zauna ka sha ruwa."

Shafi ne ya buɗe mana a intanet, da hotunan zobba da ƴan kunne da abin wuyan nan da annasara ke kira kurus ɗin Agadas. Ya ce abin da ya fi hotunan muhimmanci shi ne sunan da ake bugawa a ordinatar, wato kwamfuta, a isa wurinmu. Sunan shi ne ƙofar kantin. Ba a sayensa a mallaka har abada, haya ake biya duk shekara wurin wani kamfani a Faransa, kamar rumfar kasuwa. Ya buga sunan a ƴan katuna, duk kayan da muka sayar sai mu jefa guda a ciki. Shekara da shekaru katunan nan suna tafiya ƙasashen da ba mu san su ba. Ba wanda ya tambaye shi da sunan wa ya yi rajistar. A wurinmu in mutum ya iya abu shi ake bar wa, tambayarsa kuwa kamar zarginsa ne. Wannan shi ne kuskurenmu, mu duka, ba nasa shi kaɗai ba.

Sai shekarar nan ta zo. Annasara sun riga sun daina zuwa tun rikicin ƴan tawaye a duwatsu. Damina ta wuce ba ta jiƙa ƙasa ba, sannan muka ji a rediyo sojoji sun karɓi mulki a Yamai. Mutanen daji suka fara shigowa suna kafa tabarmi a bayan unguwar Dagmanet, akuya a hannu, ba mai saye. Masu garka, wato lambu, na Timiya suka ce rijiyoyi sun ja baya. A garin nan ba wanda ke da halin sayen zobe, matan da muka ƙera wa nasu ma dawo mana da su suke yi a auna a saya. Abin da ya riƙe gidajenmu shi ne kantin Attahir. Mai shago a wata ƙasa zai buga sunanmu ya aiko da saƙo, Attahir ya je sibar, wato ɗakin da ake biya a yi aiki da ordinatar, ya karanto, mu ƙera, ya kai gidan waya. Gida ashirin da ɗaya ke ɗora tukunya da wannan hanyar. Ba wata.

Da bazara ta yi tsanani Attahir ya kwanta. Kwana uku ya yi ya cika. Ban ji Rediyo ya yi shiru ba sai ranar.

Danginsa suka zo suka yi abin da ake yi. Kayan mamaci ba a taɓa su sai an raba gado, gado kuma ba a raba shi sai magada sun hallara. Babban ɗansa Musa yana Libiya, hanya kuwa sai motoci sun taru sojoji sun raka su, ba wanda ya san ranar zuwansa. Suka rufe akwatin, suka ba Yaya makulli, suka sa ta rantse ba za a buɗe ba sai Musa ya zo. Ta shiga takaba, wata huɗu da kwana goma, ba fita, ba zama da maza sai muharramai.

Ranar sadakar bakwai wani mutum ya zo daga Yamai, shaddarsa na ƙyalli. Na san shi. Yana da shago inda yake sayar da kayan da inji ya zuba, farin ƙarfe, ya ce wa baƙi azurfar Agadas ce. Ya yi gaisuwa, ya sha fura, sannan ya matso kusa da ni.

"Allah ya ji ƙan Malam Attahir. To yanzu sunan nan naku na intanet, hannun wa ya koma?"

"Hannun Allah."

"Haka ne, haka ne. Na ce ko magada za su so su sayar."

"Gaisuwa ka zo ko ciniki?"

Ya yi dariya ya ce gaisuwa. Ni ban yi ba. Washegari da hantsi na tafi sibar, karo na farko a rayuwata. Mai wurin wata mace ce, Madam Zainabu, bazawara mai gilashi, ta girmi uwarku. Kuran, wato wutar lantarki, ya ɗauke, muka zauna muna fifita har ya dawo. Ta buga ta duba, ta cire gilashinta.

"Malam Ilyasu, ka san da sunan wa abin yake?"

"Na ƙungiya."

"A'a. Na Attahir ne, shi kaɗai. Sunansa, adireshinsa. Kuma hayar ta kusa ƙarewa, saura kwana goma sha tara."

"In ta ƙare fa?"

"Shafin ya mutu, saƙo ya daina shigowa. Bayan ɗan lokaci a saki sunan a kasuwa, wanda ya riga biya ya ɗauka. Masu katunanku su buga, su faɗa shagon wani, ba su ma san an canza mai kanti ba."

Na ce mu biya mana. Ta ce ba kuɗin ne damuwar ba, akwai wata mai shago a Faransa da ta saba biya mana da katinta na banki a cire a kayanta. Shiga ce ba mu da ita. Sai da kod, wasu haruffa na sirri da Attahir kaɗai ya sani. Ta ce ta sha ganinsa yana kwafowa daga wani kaye, littafin rubutu, mai koren bango. Ta rubuta wa kamfanin, suka amsa bayan kwana huɗu cewa in mai suna ya rasu sai an kawo takardar mutuwa da ta magada daga shari'a, da hatimi. Na je shari'ar. Na tarar da sababbin mutane a kujeru, tsofaffin an ɗauke su, kowa yana jiran umarni daga Yamai. Wani ya ce mini ba a ba da takardar magada babu magaji, in dawo in Musa ya zo. Na san inda kaye mai koren bango yake. Na sha ganin Attahir yana mai da shi akwati.

Na shiga wurin Yaya. Tana kan tabarma, carbi a hannu, makullin rataye a wuyanta da zare.

"Yaya, akwai kaye ɗaya a akwatin. Na ƙungiya ne."

"Sai Musa ya zo."

"Kwana goma sha ɗaya suka rage."

"Sai Musa ya zo, Ilyasu."

"Gida ashirin da ɗaya ne, Yaya. Har da naki."

"Na rantse a gabansu. Shekara talatin suna jiran ranar da za su ce ai ga shi, ɗiyar maƙera ce, bai huce ba ta buɗe akwati. Ban ba su wannan bakin yana da rai ba, ba zan ba su yana kabari ba."

"Kaye kawai."

"Na ci yunwa da kai a baya, ban mutu ba. Tashi ka tafi, ina lazimi."

Na je wurin ƙanen Attahir, ya ce shi bai san wani suna ba, abin da ke cikin akwati na marayu ne. Na koma wurin Yaya sau biyu. A na biyun ba ta ɗago kai ba.

Uwarku ce ta kawo shawarar da kowa zai kawo. Tana tankaɗe ta ce, ba ta dube ni ba:

"Ba kai ka ƙera kwaɗon ba?"

"Ni ne."

"To ka shiga bayan azahar kowa na kwance, ka buɗe, ka ɗauki kayen, Madam ta kwafa, ka mayar ka rufe. Wa zai sani?"

"Ni."

"Kai ɗin za ka kai ƙarar kanka?"

Zan iya. Da guntun waya zan buɗe shi kafin a gama alwala, na san cikinsa kamar tafin hannuna. Amma ku da ba ku zauna maƙera ba ku ji wannan. Maƙeri ya san cikin kowane kwaɗo da ya ƙera, shi ya sa tun ranar da aka fara koya mana ake sa mu ɗauki alkawari: ba ka buɗe kwaɗonka babu makulli a ɓoye. In makulli ya ɓace, a gaban mutane kake sare shi, ka ƙera sabo. Rabin ɗakunan ajiya na tsohon gari kwaɗona ne a kansu. Ranar da na buɗe guda ɗaya a ɓoye, ko ba wanda ya gani, duk sauran sun zama ƙyalle. Na ce mata in zan yi, da rana zan yi, da guduma, a ji ƙarar har bakin titi. Ta ce za ka rasa yayarka. Na ce na sani.

Na je wurin Malam Sidi, limamin masallacin unguwarmu, na faɗa masa komai. Ya shafa gemu.

"In abin amana ne da aka ba shi ajiya, ba gado ba ne, masu shi na da haƙƙin karɓa. Amma wa ya shaida amana ce? Takarda ta ce nasa ne."

"Malam, in an jira shaida sunan ya tafi."

"Ni ba zan ce maka ka fasa ba."

"Ban ce ka ce ba. Ka zo ka gani."

"Gani zan iya."

Saura kwana biyar muka shiga zauren Attahir da hantsi, ni da Malam Sidi da tsoho Agali, shugaban ƙungiyarmu. Na bar ƙofar waje a buɗe. Tsakanin zaure da cikin gida ƙyaure ne na katako. Na tsaya a jikinsa na ɗaga murya.

"Yaya, ni ne. Ina tare da Malam Sidi da Agali. Zan sare kwaɗon."

Sai na ji tafiyarta har ta iso bayan ƙyauren.

"Ilyasu, kada ka yi."

"Kaye kawai zan ɗauka."

"Ka san ba ni da ikon fitowa."

Na sani. Abin da ban taɓa faɗa wa kowa ba ke nan, ku rubuta shi. Da ni kaɗai ne a zauren da ta fito ta zauna a kan akwatin, da kuwa ban iya ɗaga ta ba. Da maza biyu baƙi a wurin, mai takaba ba ta ƙetare ƙyauren. Na kawo su don shaida, gaskiya ne. Amma na san zamansu zai tsare ta, na kuma yi amfani da shi. Wannan ne laifina, ba gudumar ba.

Sara uku na yi. Kwaɗon ya yi gardama, aikin kirki ne. Na ɗaga murfin. Malam Sidi ya ce don kada a zargi kowa gobe, duk abin da ke ciki zai ɗaga ya faɗi sunansa da ƙarfi, Agali ya amsa, a mayar. Ya fara. Takardar gida. Takardun lakkol na yara. Hotuna. Agogon hannu maras tafiya. Kaye mai koren bango, ya miƙo mini. Can ƙasa akwai ƙullin tsumma, ya kwance.

"Munduwar ƙafa, ƙarama, ta azurfa. Guda."

Na gane ta, ni na ƙera. Ta ɗiyarsu ce ta fari, wadda ƙyanda ta ɗauke tana shekara biyu, a wani farin da aka yi kafin a haife ku. A lokacin Attahir ya ce wa Yaya ya sayar da ita ya sayo hatsi, ta yi kuka ta haƙura. Ashe wani abin ya sayar, ya ɓoye wannan. Abu ne da ya kamata ta gani ita kaɗai, da hannunta, ranar da Allah ya nufa. Sai ga shi ta ji shi ta bayan ƙyaure, a bakin liman, kamar ana lissafin kayan kasuwa. Wani sauti ta yi, ba kuka ba. Sannan na ji tafiyarta ta koma ciki.

Malam ya ɗaure akwatin da igiya ya yi ƙulli nasa. Na ajiye karyayyen kwaɗon a kai. Da muka fito mutane sun cika bakin ƙofa. Na wuce sibar.

Kod ɗin yana shafi na farko. Madam Zainabu ta shiga, ta aika wa matar Faransa, kafin la'asar an biya. A akwatin saƙo muka tarar da masu shaguna uku suna tambayar ko lafiya, da aikin da zai kai mu damina. Muka kuma tarar da wasiƙa biyu daga mutumin Yamai tun Attahir na da rai, yana neman a sayar masa. Amsar Attahir na ƙasa. Madam ta karanta ta fashe da dariya, ta ce ya rubuta masa cewa kantin na bebaye ne, ba su iya cewa e ba. Na juya na dubi bango na ɗan lokaci.

"Yanzu sai a cire sunan mamaci," in ji ta. "In sa naka? Shi ya fi sauƙi."

"A'a."

"Kai ka sha wahalar."

"Ni ma mutuwa zan yi, Madam. Sa na ƙungiya."

Ta ce sai takardar rajistar ƙungiya mai hatimi. Tana wurin Agali cikin buhun gawayi, a leda, muka kawo. Ta buɗe sabon akwatin saƙo da sunan ƙungiya, ta canza kod, ta sa a riƙa tuna wa mutum uku in haya ta kusa, ba ɗaya ba. Ta ce akwai wani ƙulli da kamfanin ke yi wa suna, ba a iya ɗauke shi a kai wani wuri sai masu shi sun kwance da kansu. Na ce ashe su ma suna da kwaɗo. Ta ce suna da shi. Na ce a maƙala.

Wata uku ina tafiya a unguwa ana yin shiru in na iso. A masallaci mutumin da ke kusa da ni yakan ja tabarmarsa. Ƙanen Attahir ya tsaya bakin maƙera ya kira ni mai cin dukiyar maraya, a gaban ku, kuna ƙanana. Cikin gidajen ashirin da ɗaya ma akwai waɗanda suka ci tuwon sunan nan da dare suka zage ni da safe. Na ci gaba da ƙira. Ina da aiki.

Musa ya iso bayan ruwan farko, baƙi ƙirin, ya rame. Yaya ta fita takaba a satin. Aka zauna rabon gado a tsakar gida, Malam Sidi a tsakiya. Musa bai gaishe ni ba.

"Kawu, takarda ta ce sunan na babana ne. Ka fasa akwatinsa, ka ɗauke, ka ba wasu. An ce mini akwai mai saye da daraja. Ƙannena marayu ne."

"Ba nasa ba ne. Ajiya aka ba shi."

"Wa ya shaida?"

Agali ya ce shi. Ƙanen Attahir ya ce Agali ɗan ƙungiya ne, mai ci a ciki ba ya shaida. Malam ya ce haka ne. Ya dubi jama'a ya tambaya ko akwai wanda ya ji daga bakin mamacin, wanda ba riba zai ci ba. Ba wanda ya motsa. Na riga na sa a raina za a ce in mayar.

Sai Yaya ta yi magana daga inda mata suke. Ita tana da kaso a gadon. In an ce sunan gado ne, ita da ƴaƴanta za su ci.

"Amana ce."

"Inna!" in ji Musa.

"Yi mini shiru. Ubanka ya faɗa mini ba sau ɗaya ba. Ya ce abin maƙera ne ya rubuta da sunansa don takardar ta nemi sunan mutum guda, yana ta cewa zai gyara, zai gyara. Bai gyara ba. Ba na ci, ku ma ba ku ci."

Malam ya ce magana ta ƙare. Sai ta juyo ta dube ni, karo na farko tun ranar, ido cikin ido.

"Wanda ya fasa akwatin ba ɓarawo ba ne, kowa ya ji. Amma da ni na goya shi a baya na san ba zai tsare ni da baƙi a ƙofar ɗakina ba. Wannan ban san shi ba."

Shi ke nan. Ba ta ƙara yi mini magana ba. Shekara goma sha ɗaya. Kason Attahir na ƙungiya Agali ke kai mata ta karɓa, in ni na aika da ko goro ne sai ya dawo. Ranar sallah nakan je in durƙusa in gaishe ta, ta dubi bango, in tashi. Na aika a karɓo kwaɗon in gyara, ta hana. Akwatin ya zauna da igiyar Malam. Munduwar kuwa tana ɗaure a bakin zanenta, mata suka faɗa wa uwarku.

Kuna tambaya ko na yi nadama. Sunan yana hannunmu har yau. Annasara ba su dawo ba, sojoji sun tafi sun sake dawowa, fari ya sake yi, maƙerarmu ba ta mutu ba. Da shi kuka yi lakkol, da shi Hadiza ta iya rubutun da take yi yanzu. Musa da kansa ya shiga ƙungiya daga baya, shi ke riƙe rubutu a kujerar ubansa. Da za a mai da ni ranar, zan sare kwaɗon. Amma da na fara shiga ni kaɗai na zauna gabanta har ta gaji da ni, ko kwana biyar ɗin za su ƙare a haka. Ban yi ba, don na ji tsoron za ta fi ni taurin kai. Ta fi ni kuwa.

Da ta rasu, bayan sadakar uku Musa ya zo maƙera ya ajiye ƙullin tsumma a kan uwar maƙera, ƙarfen da nake duka a kai. Kwaɗon ne, da makullinsa, da zaren da take ratayawa.

"Inna ta ce a ba ka."

"Me ta ce?"

"Ta ce ka gyara."

"Shi ke nan?"

"Shi ke nan, Kawu."

Sati biyu na yi a kansa, don hannuna ba kamar da ba. Na sake masa ciki, na yi masa baki biyu, ba ya buɗewa sai makulli biyu sun haɗu. Shi ne a kan akwatin ƙungiya yanzu, inda takardar rajista take da sabon kaye. Duk bazara in an fara neman inuwa, ku je ku tambaya ko an biya hayar sunan, kada ku ji kunyar tambaya ko wane ne ke riƙe da rubutu. Ranar rabon gadona in wani ya ambaci sunan nan, ku ce ba na ubanku ba ne, bai taɓa zama nasa ba. Ni ba ni da makulli ko ɗaya. Guda na wurin Musa, guda na wurin ɗiyar Agali, kuma dukansu sun san kod. In na mutu kada wanda ya nemi guduma.